Jarumin na wa ne? Rigimar luwaɗi da haƙƙin mallaka a littattafan komik na Amurka

A ranar 11 ga Oktoba 2021 kamfanin DC, mai buga littattafan komik (labarai cikin zane), ya sanar cewa Superman zai fara soyayya da namiji. Kafin gari ya waye labarin ya karaɗe duniya, kuma da yawa cikin masu yaɗa shi ba su tsaya karanta layi na biyu ba. Ba Clark Kent ake nufi ba, wato Superman ɗin da aka sani tun 1938, mijin Lois Lane. Ɗansu ake nufi, Jon Kent, wanda Dan Jurgens ya ƙirƙira a 2015, wanda a lokacin shi ke riƙe da sunan uban da rigarsa. A fitowa ta 5 ta Superman: Son of Kal-El, wadda Tom Taylor ya rubuta, John Timms ya zana, aka nuna shi yana sumbatar wani matashin ɗan jarida mai suna Jay Nakamura. Wata biyu kafin sanarwar an yi irin haka da Tim Drake, wanda ya fara fitowa a 1989, ɗaya daga cikin samarin da suka riƙe sunan Robin, mataimakin Batman.

Duk sanda aka yi haka, tambaya guda ce ke dawowa: me ya hana su ƙirƙiri sabon jarumi, su ƙyale tsofaffin yadda aka san su? Ba daga ɓangare ɗaya tambayar ke fitowa ba. Masu ƙin abin gaba ɗaya suna yin ta. Tsofaffin masu karatu da ba ruwansu da wa ke son wa, amma ba sa son a taɓa musu tarihin jarumin da suka tashi da shi, su ma suna yin ta. Har cikin masu karatu 'yan luwaɗi da maɗigo akwai masu cewa sun gaji da kwance, nasu na kansu suke so. Stan Lee ma, wanda da hannunsa aka gina rabin jaruman Marvel, abin da ya faɗa ke nan a 2015 da aka tambaye shi game da Spider-Man: ba shi da matsala da jarumi ɗan luwaɗi ko baƙar fata, amma bai ga dalilin sauya wanda aka riga aka kafa ba alhali ƙirƙirar sabo abu ne mai sauƙi.

Ƙirƙirar ce mai sauƙi. Abin da ke biyo bayanta shi ne wuyar, kuma a ganina duk wanda ya amsa wannan tambaya bai taɓo kwangila da kasuwa ba, bai amsa ta ba.

Mai karatu Bahaushe yana da matsayinsa kan luwaɗi da maɗigo, wanda addini da al'ada suka tsayar, kuma a Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta auren jinsi. Ba wannan ake muhawara a kansa a nan ba. Amma finafinan Marvel da DC suna cikin wayoyi da talabijin na gidajenmu, yara sun haddace sunayen jaruman, don haka yana da amfani a san wane ne ke yanke shawarar abin da jarumin zai zama, da kuma abin da yake dubawa kafin ya yanke.

Sai an koma 1954 kafin a gane dalilin da ya sa tsofaffin jarumai duk suka fito iri ɗaya ta wannan fuska. A shekarar ne wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa komik laifin lalacewar tarbiyyar yara. Cikin abubuwan da ya kawo har da cewa zaman Batman da Robin a gida ɗaya tamkar mafarkin 'yan luwaɗi biyu ne. Wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zaman sauraron bahasi kan batun a shekarar. Kamfanonin suka tsorata kada gwamnati ta ɗora musu doka, sai suka yi riga malam masallaci, suka kafa hukumar tace kansu da kansu, Comics Code Authority. Littafin da ba shi da hatiminta a bango, dillalai da yawa ba sa ɗauka. Ƙa'idojinta sun hana zubar da jini fiye da kima, sun hana wulaƙanta 'yan sanda da alƙalai, sun kuma hana duk abin da suka kira karkatacciyar sha'awa, ko da nuni ne. A 1956 DC ya shigo da Batwoman ta farko, Kathy Kane, mai son Batman, kuma masu bin tarihin harkar da dama suna ganin an kawo ta ne don a toshe bakin masu zancen Wertham. Shekaru da yawa bayan haka, a 2012, wata malamar jami'a mai suna Carol Tilley ta bincika takardun Wertham ta gano ya murɗe bayanan wasu yaran da ya yi hira da su. Amma a lokacin bakin alƙalami ya daɗe da bushewa.

Wannan hani bai sassauta ba sai a gyaran ƙa'idojin na 1989. Ke nan Spider-Man, X-Men, Avengers, Flash na zamani, Green Lantern na zamani, da yawa cikin manyan sunayen da kamfanonin biyu ke ci da su har yau, an haife su ne a shekarun da marubuci ba shi da zaɓi ko da yana so. Wannan ita ce hujjar masu goyon bayan sauyin, kuma tana da nauyi: suna cewa idan aka ce kada a taɓa tsofaffi, to an dawwamar da hukuncin hukumar 1954 ke nan, alhali ita kanta hukumar ta mutu. Marvel ya bar ta a 2001, DC da kamfanin Archie suka bar ta a 2011.

Labarin Northstar ya nuna yadda abin yake daga ciki. Chris Claremont da John Byrne ne suka fito da shi a 1979 cikin X-Men, ɗan Kanada daga Kubek, mai gudu kamar walƙiya. Da Byrne ya fara rubuta wa tawagarsa, Alpha Flight, littafinta na kanta a 1983, ya yanke a ransa cewa Northstar ɗan luwaɗi ne. Shugaban editocin Marvel na lokacin, Jim Shooter, da ƙa'idar hukumar ba su bari a faɗa ba, sai dai shaguɓe nan da can. Bill Mantlo, wanda ya gaji Byrne, ya fara wani labari na rashin lafiyar da ke nuni ga cutar ƙanjamau, aka karkatar da shi, aka ƙare da cewa wai jarumin yana da jinin wasu halittun tatsuniya ne shi ya sa duniyar mutane ba ta karɓe shi ba. Sai a 1992, a fitowa ta 106 da Scott Lobdell ya rubuta, Northstar ya furta da bakinsa. Jaridu suka ɗauka, littafin ya ƙare a shaguna. Daga nan kamfanin ya yi gum, kusan ba a sake ɗaga zancen ba har aka rufe littafin a 1994. A 2005 aka kashe shi a wani labarin Wolverine, daga baya aka dawo da shi, kamar yadda aka saba a wannan duniya da mutuwa ba ta riƙe kowa. A 2012 aka ɗaura masa aure da Kyle Jinadu a fitowa ta 51 ta Astonishing X-Men. Shekara 33 tsakanin fitowarsa da wannan aure, kuma shi sabon jarumi ne, ba tsohon da aka sauya ba. Wanda ya tsara shi ya san abin da yake nufi tun farko, amma ba shi ke da ta cewa ba.

A nan gizo ke saƙa. A Marvel da DC, marubuci da mai zane aikin jinga suke yi: an biya ka kuɗin shafi, an sallame ka, duk abin da ka ƙirƙira a shafin ya zama na kamfani har abada. Haka aka faro. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman kan dala 130. Sun tsufa cikin talauci, sai a 1975, ana shirin yin babban fim, surutu ya yi yawa har kamfanin Warner, mai mallakar DC, ya yanka musu dala 20,000 kowanne a shekara, ya kuma mayar da sunayensu kan littafin. Bill Finger, wanda ya tsara mafi yawan abin da ya sa Batman ya zama Batman, ya rasu a 1974, ba a fara rubuta sunansa a matsayin wanda aka ƙirƙiri jarumin tare da shi ba sai 2015. Iyalan Jack Kirby, mai zanen da ya ƙirƙiri jaruman Marvel da yawa tare da Stan Lee, sun kai shari'arsu da Marvel har ƙofar Kotun Ƙolin Amurka kafin a sasanta a 2014, shekara biyar bayan Disney ya sayi Marvel kan kusan dala biliyan 4. Ed Brubaker, wanda shi da Steve Epting suka fito da Winter Soldier a 2005, ya faɗa a 2021 cewa kuɗin da yake samu daga ɗan leƙen da ya yi a cikin fim ɗin 2014 ya fi abin da aka ba shi na ƙirƙirar jarumin da fim ɗin ke ɗauke da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk matashin da ya shiga harkar ya san waɗannan labarai. To wane mai hankali ne zai ɗauki tunaninsa mafi kyau ya miƙa? Roy Thomas, wanda ya gaji Stan Lee a kujerar shugaban editoci, ya sha faɗa cewa ba ya son ƙirƙirar sababbin jarumai ga Marvel saboda ya san ba zai mallake su ba, shi ya sa yake tono tsofaffin sunaye ya yi musu kwaskwarima, kamar yadda ya yi da Vision a 1968. A 1992 manyan masu zane bakwai, ciki har da Todd McFarlane, Jim Lee da Rob Liefeld, suka fice daga Marvel suka kafa Image Comics bisa ƙa'ida ɗaya: abin da ka ƙirƙira naka ne. Tun daga nan hanya ta rabu biyu. Marubuci yakan yi suna a Marvel ko DC da jaruman wasu, sannan ya kai sabon tunaninsa inda zai ci moriyarsa.

Akwai kuma wani ƙulli da ba kowa ya sani ba. DC yana da tsarin ba masu ƙirƙira wani kaso idan aka yi amfani da jaruminsu a fim ko talabijin. Amma a 2015 Gerry Conway, wanda ya ƙirƙiri Power Girl da Firestorm tare da abokan aikinsa, ya fito ya koka cewa kamfanin yana ware wasu jarumai a matsayin rassan tsofaffi, kuma reshe ba ya jawo wa wanda ya yi shi wannan kaso. Power Girl dangin Superman ce, saboda haka reshe ce. Idan ka dubi wannan da kyau za ka ga inda riba take ga kamfani: ɗan Superman, ko Robin na uku, ko sabuwar Batwoman, sun fi sabon suna araha, sun fi shi sauƙin talla, kuma babu wanda zai zo gobe yana jayayya kan mallakarsu.

Kasuwar kanta ba ta tausayin baƙo. Littafin komik na wata-wata a Amurka ba a shagon jarida ake sayar da shi ba, a shaguna ne na musamman da suka keɓanta da harkar. Mai shago yana yin oda ne makonni kafin littafin ya fito, kuma abin da bai sayar ba galibi ba a karɓa a mayar masa da kuɗi. Daga 1997 zuwa 2020 kusan duk wannan oda ta hannun dillali ɗaya take bi, Diamond. Mai shagon da ke da kuɗi ƙalilan, an ɗora masa littafin Batman da na wani jarumin da bai taɓa jin sunansa ba, kowanne dala 4 ko 5, ka san wanda zai cika kanta da shi. Kamfani kuma odar masu shago yake dubawa, ba yawan masu son littafin a intanet ba. Shi ya sa ana iya yanke wa littafi hukuncin kisa tun kafin mai karatu na farko ya buɗe shi.

Wannan bai tsaya kan jaruman luwaɗi ba. Ƙirga sababbin jaruman Marvel da DC da suka kafu da gindinsu tun bayan 1990, ba za ka wuce Deadpool da Harley Quinn da 'yan kaɗan ba, ita Harley ma daga talabijin ta shigo. Biyun da suka fi kowa nasara a baya-bayan nan duk da aron suna suka shigo. Miles Morales, a 2011, ya sa rigar Spider-Man. Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan daga Jersey City, wadda G. Willow Wilson da Sana Amanat da Adrian Alphona suke cikin waɗanda suka tsara ta, ta karɓi sunan Ms. Marvel a 2014. Da an ba ta suna sabo fil, da wuya mai shago ya yi odarta yadda ya yi. Duk Musulmin da ya ji daɗin ganin jarumar da ke zuwa masallaci a littafin Marvel, ya sani ta ƙofar da ake rigima a kanta ta shigo.

An gwada shawarar Stan Lee kuwa, ba sau ɗaya ba. A 1988 DC ya fito da Extraño, matsafi ɗan Peru, wanda aka cika masa duk wata siffa ta zolaya har waɗanda aka yi domin su suka ƙi shi. A 2006 Robert Kirkman ya ƙirƙiri Freedom Ring a Marvel Team-Up, matashi ɗan luwaɗi mai zoben da ke sauya abubuwa. Ya bayyana a fitowa ta 20, aka yi masa mummunan kisa a ta 24. A 2011 DC ya kawo Bunker, ɗan Meziko, cikin Teen Titans, bayan 'yan shekaru ya koma gefe. World of Wakanda, wanda Roxane Gay ta jagoranci rubuta shi a 2016 kan Ayo da Aneka, mata biyu daga dakarun da ke gadin sarkin Wakanda, fitowa 6 ya yi aka rufe shi, sannan a 2018 ya ci kyautar Eisner, mafi girma a harkar. A 2017 ne kuma wani mataimakin shugaban sashen ciniki na Marvel, David Gabriel, ya ce masu shaguna sun gaya musu mutane sun gaji da sababbin fuskoki. Ya sha suka, ya dawo ya gyara zance, amma littattafai da dama na wannan zubin ba su ga ƙarshen shekarar da ta biyo ba.

Waɗanda suka rayu, duba su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana jingine da inuwar wani babba. Apollo da Midnighter, waɗanda Warren Ellis da Bryan Hitch suka fito da su a 1998, kowa ya gane Superman da Batman aka kwaikwaya da gangan. Wiccan da Hulkling na Young Avengers, daga Allan Heinberg da Jim Cheung a 2005, an gabatar da su ne kamar ƙananan Thor da Hulk, daga baya aka ɗaura Wiccan da Scarlet Witch a matsayin ɗanta. Shekara bakwai aka yi kafin a nuna sumbarsu a shafi, kuma wannan shafin ne magajin garin Rio de Janeiro na lokacin, Marcelo Crivella, ya ba da umarnin a kwashe littafin saboda shi a baje kolin littattafai na 2019. Kafin jami'ansa su isa an saye shi kaf, Kotun Ƙolin Barazil kuma ta hana shi. Kate Kane, Batwoman ta 2006, tana da jemage a ƙirji. Ita ce a ganina aka fi yi wa aiki mai kyau, domin Greg Rucka bai liƙa mata abin daga waje ba. A labarinsa na 2009, an sallame ta daga makarantar sojoji ta West Point ƙarƙashin dokar da ta hana 'yan luwaɗi da maɗigo bayyana kansu a rundunar Amurka, saboda ta ƙi yin ƙarya da aka ba ta damar musantawa. Wannan korar ce ta mayar da ita mai yaƙi da miyagu a titi. Idan ka cire wannan, babu labarin.

Sai ga abin da ya faru da ita a 2013. J.H. Williams III da W. Haden Blackman, masu rubuta littafinta a lokacin, suka ajiye aiki, suna cewa editoci suna yi musu katsalandan a ƙurarren lokaci, har da hana su ɗaura wa Kate aure da Maggie Sawyer. Dan DiDio, ɗaya daga cikin shugabannin DC a lokacin, ya ce ba batun jinsi ba ne, jaruman gidan Batman ne bai kamata su samu kwanciyar hankali a rayuwarsu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a zancensa, domin kamfanin ya goge auren Superman da Lois na wani lokaci a 2011, Marvel ma ya goge na Spider-Man a 2007. Jarumi mai aure yana tsufa, kamfani kuma ba ya son hajarsa ta tsufa. Ko ma mene ne dalilin, marubutan ne suka tafi, jarumar ta zauna.

Wuƙar nan kuwa baki biyu gare ta. A 2009 Peter David ya nuna Shatterstar yana sumbatar Rictor a fitowa ta 45 ta X-Factor. Rob Liefeld, wanda shi da Fabian Nicieza suka ƙirƙiri Shatterstar a 1991, ya fito fili ya ce jaruminsa ba haka yake ba, kuma yana ɗokin ranar da zai warware wannan. Har yau bai warware ba, don ba nasa ba ne. Kwangilar da ta hana Byrne faɗin abin da yake so a 1983 ita ce ta hana Liefeld hana abin da ba ya so a 2009. Masu cewa a mutunta nufin wanda ya ƙirƙiri jarumi sukan tuna da Liefeld su manta da Byrne, ɗaya ɓangaren kuma su yi akasin haka. Claremont ma tun shekarun 1980 ya so a san Mystique da Destiny, mata biyu a labaran X-Men, masoya ne, har ya so su zama iyayen Nightcrawler. Sai a 2023 Marvel ya amince da wannan, a hannun wani marubucin daban.

Ban ce duk korafin masu karatu ƙiyayya ba ce, domin wani sauyin an yi shi da ganganci. Iceman yana cikin X-Men biyar na farko da Stan Lee da Jack Kirby suka fitar a 1963, ya yi shekara hamsin yana neman mata a shafi. A 2015 Brian Michael Bendis ya sa Jean Grey ta leƙa cikin tunaninsa ta gaya masa shi ɗan luwaɗi ne. Har masu murna da sakamakon sun soki hanyar, saboda an sa wata ta tona masa asirin zuciya ba da izininsa ba. Alan Scott, Green Lantern na 1940, labarinsa ya fi ban mamaki: yana da ɗa ɗan luwaɗi mai suna Obsidian, da aka sake fasalin duniyar DC aka mayar da Alan matashi sai ɗan ya ɓace, James Robinson kuma ya ce tunda an rasa ɗan bari uban ya maye gurbinsa a 2012. Wato an goge sabon jarumi, an ɗora abin a kan tsohon suna. Shi kansa Jon Kent, da yawa cikin masu fushi da shi tun 2019 suke fushi, lokacin da aka ɗauke shi yana yaro ɗan kimanin shekara goma aka dawo da shi saurayi a 'yan fitowa kaɗan, aka katse labarin yarintarsa da mutane ke so. Sannan bayan an sha talla a jaridu, sau nawa kamfanin ke tsayawa da jarumin? Littafin Iceman da Sina Grace ya rubuta a 2017 fitowa 11 ya yi, aka dawo da shi ya ƙara 5, kuma a 2019 Grace ya rubuta cewa kamfanin bai tsaya masa ba sanda ake zaginsa a intanet. Littafin Jon ya tsaya a fitowa ta 18. Masu adawa suka ce ga shi nan ya faɗi, amma fitowa 18 ba gajeren rai ba ne a kasuwar da ake rufe littafi a sake buɗe shi da lamba 1 don kawai oda ta tashi.

Inda mai ƙirƙira ke riƙe da kayansa, rigimar ba ta cika tashi ba. Milestone, kamfanin da Dwayne McDuffie da Denys Cowan da abokansu baƙaƙen fata suka kafa a 1993, ya riƙe mallakar jarumansa, DC yana buga masa kawai. Tun a wancan lokacin Ivan Velez Jr. ya saka Fade, ɗan luwaɗin da ke ɓoye kansa, cikin tawagar Blood Syndicate, ba tare da taron 'yan jarida ba. Kirkman ɗin da ya kashe Freedom Ring a fitowa biyar shi ne ya riƙe Invincible a Image daga 2003 zuwa 2018, fitowa 144, inda William, aminin jarumin, ya bayyana kansa a tsakiyar tafiya, kuma da aka mayar da labarin zanen talabijin a 2021 aka fara da shi a haka tun kashi na farko. Ba wanda ya ce an ɓata masa yarinta, don mai abu ne ya yi yadda ya so da abinsa. Joe Glass, marubuci daga yankin Wales na Birtaniya, ya haɗa tawagar jarumai sukutum mai suna The Pride da gudummawar masu karatu. Sababbin jaruman da ake ta nema suna nan. Abin da ba su da shi shi ne tambarin da zai sa gidan talabijin ya ambace su da safe.

Yau kuwa littafin ba shi ne babbar hajar ba, gwaji ne na abin da zai iya zama fim. Takardun kamfanin Sony da aka yi wa kutse, waɗanda suka bazu a 2015, sun nuna yarjejeniyar 2011 tsakaninsa da Marvel ta rubuta ƙarara cewa Peter Parker, wato Spider-Man, na fim dole ya kasance farar fata mai son mata. Abin da ake yi a littafin da dubun-dubata ke saya daban, abin da ake yarda a yi a fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan ɗari biyu daban. A Avengers: Endgame na 2019, ɗan luwaɗin farko da aka nuna a fili wani mutum ne marar suna a taron masu makoki, da 'yan jimloli kaɗan. Tessa Thompson, wadda ta fito a matsayin Valkyrie, ta ce an yanke wani ɗan gajeren wuri a Thor: Ragnarok da zai nuna jarumar tana son mata. Eternals na 2021, mai ɗauke da Phastos da mijinsa, bai shiga sinimomin Saudiyya da Kuwait da Qatar ba. Ni dai ina ganin yawancin irin waɗannan wurare an auna tsawonsu ne yadda za su isa a yi talla da su a Los Angeles, kuma idan ta kama a cire su fim ɗin ba zai girgiza ba.

America Chavez ta tara duk zaren a wuri ɗaya. Joe Casey da Nick Dragotta ne suka fito da ita a 2011, da aron sunan wata jarumar shekarun 1940, Miss America. Kieron Gillen ne ya tabbatar da ita 'yar maɗigo a Young Avengers da ya fara a 2013. Littafinta na kanta, wanda Gabby Rivera ta rubuta a 2017, fitowa 12 ya yi. A 2022 ta shiga fim ɗin Doctor Strange na biyu, inda aka ambaci iyayenta mata biyu. Wani jami'in tace finafinai na Saudiyya ya ce daƙiƙa 12 kacal suka nemi a cire, Disney ya ƙi, fim ɗin bai fita a ƙasar ba, amma ya tara sama da dala miliyan 900 a sauran duniya. Ana dab da sakinsa Casey ya gaya wa 'yan jarida cewa tayin da Marvel ya yi masa kan amfani da ita bai taka kara ya karya ba, kuma ya ƙi sa hannu.